André Lwoff: Masanin da ya tsara wa ƙwayoyin bairas dangi da asali

A watan Disambar 1965 wasu Faransawa uku suka karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a birnin Stockholm na ƙasar Sweden. Biyu daga cikinsu, Jacques Monod da François Jacob, sun yi aikin da ya fito da sunansu ne a sashen na ukun, wato André Lwoff, wanda ya ba su mazauni a wasu matsattsun ɗakuna da ke can ƙarƙashin rufin benen Cibiyar Pasteur a Paris. An karrama su saboda gano yadda ƙwayoyin gado ke sarrafa samar da sinadaran aiki a jikin ƙananan halittu, da kuma yadda suke sarrafa hayayyafar ƙwayar bairas. Sai dai Lwoff yana da wani aiki da ba a cika ambata ba, alhali masu binciken cututtuka na duniya suna cin gajiyarsa kullum. Shi ne ya dage a kan cewa asalin bairas yana cikin abin da aka gina ta da shi, don haka kada a raba ta dangi bisa wanda ta kama ko ciwon da ta haddasa. Albarkacin wannan ƙa'ida ne a yau aka sa wata bairas mai kashe 'ya'yan ƙadangaru a rukuni ɗaya da wadda ke lalata wa kaji ɓawon ƙwai.

An haifi André Michel Lwoff a ranar 8 ga Mayun 1902 a ƙauyen Ainay-le-Château da ke tsakiyar Faransa. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga daular Rasha. Mahaifinsa, Salomon, likitan masu taɓin hankali ne, mahaifiyarsa Marie kuwa ma'abociyar fasahar zane ce. Tun yana yaro mahaifinsa ya kai shi wurin abokinsa Élie Metchnikoff, shahararren masanin garkuwar jiki na Cibiyar Pasteur, wanda ya nuna masa ƙwayar cuta ta cikin madubin ƙara girma. Da ya girma ya so ya karanci ilimin halittu zalla, amma uban ya ba shi shawarar ya haɗa da likitanci, domin bincike kaɗai ba ya ciyar da mutum. Ya bi shawarar, ya samu digirin likita a 1927, ya kuma samu digirin digirgir na kimiyya a 1932, ko da yake rayuwarsa duka a ɗakin gwaje-gwaje ta ƙare.

Malaminsa na haƙiƙa shi ne Édouard Chatton, wanda suka haɗu da shi a tashar binciken halittun teku ta Roscoff, a gaɓar yammacin Faransa. Ta hanyarsa ne Lwoff ya shiga Cibiyar Pasteur a 1921, yana da shekara 19. Sun shafe shekaru suna nazarin wasu ƙananan halittu masu tantani ɗaya da ke manne a jikin ƙaguwa da jatan lande, suna bin kowace daga mataki zuwa mataki, suna zana siffarta, suna sanya ta a danginta. Aiki ne na haƙuri wanda ba ya kawo suna da wuri, amma a nan ne idon Lwoff ya saba da tambayar da ta bi shi har tsufa: me ya raba wannan halitta da waccan? Chatton ne ya ƙirƙiro kalmomin da ake amfani da su yau wajen bambanta halittun da tantaninsu ke da cibiya da waɗanda ba su da ita, irin su bakteriya, kuma Lwoff ne ya isar da waɗannan kalmomi ga masanan da suka yaɗa su a duniya bayan rasuwar malamin.

A 1925 ya auri Marguerite Bourdaleix, wadda ita ma mai bincike ce, suka zama abokan aiki har ƙarshen rayuwarta. Tare suka tafi Heidelberg ta Jamus a farkon shekarun 1930, zuwa ɗakin gwajin Otto Meyerhof, daga baya kuma suka je Cambridge ta Ingila wurin David Keilin a 1936. Abin da ya dame su a lokacin shi ne abinci. Wasu ƙananan halittu ba sa girma sai an ƙara musu wani ɗan sinadari ƙalilan, wasu kuwa ba ruwansu da shi. Ma'auratan suka nuna cewa wasu 'yan uwan ƙwayar da ke haddasa ciwon barci da sammore suna bukatar jan sinadarin da ke cikin jini domin numfashinsu, saboda ba sa iya haɗa shi da kansu. Daga nan Lwoff ya kai ga fahimtar cewa kowace halitta tana amfani da irin waɗannan sinadarai, bambancin kawai shi ne wata na iya ƙera su, wata kuwa ta rasa wannan iko sai dai ta samu a waje. Abin da muke kira bitamin ke nan. A littafinsa na 1944 ya faɗaɗa batun, inda ya nuna cewa halittar da ta saba rayuwa a jikin wata takan yi ta zubar da ayyukan da mai masaukinta ke yi mata, har ta wayi gari ba ta iya rayuwa ita kaɗai.

An ba shi shugabancin sashensa na kansa a Pasteur a 1938. Ba a jima ba yaƙi ya ci Faransa, sojojin Jamus suka mamaye Paris a 1940. Lwoff ya shiga cikin masu gwagwarmayar sirri da 'yan mamaya, abin da ya sa aka ba shi lambar girmamawa bayan yaƙin. Wasu abokan aikinsa ba su tsira ba. A ƙarshen 1943 aka kama Eugène Wollman da matarsa Élisabeth, masu bincike a cibiyar, aka tura su sansanin Auschwitz, ba su dawo ba. Sun bar wata tambaya da suka daɗe suna fama da ita, kuma ita ce Lwoff ya ɗauka bayan an samu zaman lafiya. Ɗansu Élie ma a sashen Lwoff ya zo ya yi aiki.

Ga yadda tambayar take. Tun 1917 Félix d'Hérelle ya bayyana cewa akwai bairas masu kama bakteriya su fasa ta. Amma an lura da wasu nau'o'in bakteriya masu abin mamaki: ko sau nawa aka tsarkake su, sai a riƙa samun bairas a ruwan da suke ciki, alhali su kansu suna nan lafiya suna hayayyafa. In kuma aka fasa su da gangan aka duba, ba a samun bairas ko ɗaya a cikinsu. Manyan masana na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Max Delbrück, sun ɗauki abin a matsayin rashin tsaftar gwaji kawai, suka kawar da kai.

Lwoff ya ga cewa muddin ana kallon miliyoyin bakteriya a kwalba ɗaya ba za a raba gardama ba. Sai ya koma ga dabarar da ya koya wurin Chatton, ta bin halitta ɗaya tak. Shi da mataimakiyarsa Antoinette Gutmann suka yi amfani da wani bututun gilashi da ya fi gashi siranta, suka ɗauki bakteriya guda ta wani nau'i mai girma da ake kira Bacillus megaterium, suka sa ta a ɗigon ruwa ƙarƙashin madubi. Duk sa'ad da ta rabu biyu sai su cire ɗaya, su gwada ruwan ɗigon. Sun bi wata har ta rabu sau 19 ba tare da an ga bairas ko ɗaya a ruwan ba, amma duk jikokinta da aka cire sun gaji ikon fitar da bairas. A wasu ɗigogin kuwa sai bakteriyar ta fashe nan take, ruwan ya cika da bairas. Ma'anar wannan ita ce bairas tana nan a ɓoye cikin gadon bakteriyar, a wata siffa da ba ta kama kowa, ana gadonta daga uwa zuwa 'ya, sai jefi-jefi ta farka ta kashe mai masaukinta. Lwoff ya raɗa wa wannan ɓoyayyar siffa suna profaj.

Saura a gano abin da ke tashe ta. An yi watanni ana gwada sinadarai iri-iri ba a dace ba. A 1950, tare da wasu matasa biyu, Louis Siminovitch daga Kanada da Niels Kjeldgaard daga Denmark, ya haska wa bakteriyar hasken ultrabayolet, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani. Bayan ɗan lokaci kusan dukansu suka fashe gaba ɗaya, ruwan da yake a gurɓace ya washe. A cikin wannan farin ciki ne Jacob, tsohon soja mai raunukan yaƙi wanda ya sha zuwa neman gurbi ana ba shi haƙuri, ya sake ƙwanƙwasa ƙofa, aka karɓe shi, shi kuwa a lokacin ko ma'anar kalmar profaj bai sani ba.

Wannan bincike ya wuce sha'awar masana. Ƙwayar bakteriyar da ke haddasa mashaƙo ba ta yin dafin da ke kisa sai in tana ɗauke da irin wannan ɓoyayyar bairas, domin umarnin haɗa dafin a jikin bairas ɗin yake. A 1996 aka gano cewa haka abin yake ga ƙwayar kwalara. Ita ma ƙwayar ƙanjamau da irin wannan dabara take tsira, takan dasa gadonta cikin gadon tantanin jikin mutum ta yi lamo. Magungunan yau suna hana ta hayayyafa, amma wadda ta riga ta shige ta zama ƙadangaren bakin tulu, ba a kashe ta sai an fasa tulun.

Daga tsakiyar shekarun 1950 Lwoff da Marguerite suka koma kan bairas ɗin shan inna. Sun nuna cewa ƙarin zafi kaɗan, irin wanda zazzaɓi ke kawowa, yana rage hayayyafarta ƙwarai, kuma nau'o'in da suka fi jure zafi su ne suka fi illa ga jijiyoyi. Daga nan ya riƙa jan hankalin likitoci cewa zazzaɓi yana cikin makaman da jiki ke kare kansa da su.

Mutumin da ya yi aiki a kan bairas ta bakteriya da ta mutum dole ya tambayi abin da ya haɗa su. A wancan zamani kalmar bairas kwandon shara ce, duk ƙwayar cutar da ta yi ƙanƙantar da za ta ratsa matacin da ke tare bakteriya sai a jefa ta ciki. A wata lacca da aka buga a 1957 Lwoff ya shata iyaka. Bairas tana ɗauke da nau'i ɗaya ne kawai na sinadarin gado, ko DNA ko RNA. Ba ta girma, ba ta rabuwa biyu, ba ta da hanyar samar wa kanta ƙarfi. Abin da take yi shi ne ta shigar da gadonta cikin tantanin wata halitta, tantanin ya ƙera mata sababbin 'ya'ya da kayan aikinsa. Mai lura zai ga cewa yawancin wannan bayani jerin abubuwan da bairas ta rasa ne, wato tsohon tunaninsa na 1944 ya kai maƙura. A 1959 shi da Thomas Anderson da Jacob suka samar da kalmomin da har yanzu ake koyarwa a jami'o'i: biriyon ga cikakkiyar ƙwaya mai iya kama wani, kafsid ga kwanson furotin da ke lulluɓe da gadonta.

Sunayen bairas kuwa a hargitse suke, kuma har gobe ana ganin ragowar hargitsin. Wata an sa mata sunan gari, kamar Lassa ta Jihar Borno inda aka fara gane zazzaɓin a 1969. Wata sunan ciwo, wata sunan sashen jikin da aka fara samun ta. Tsarin da Francis Holmes na Amurka ya gabatar a 1948 ya raba su gida uku bisa mai masauki, na dabbobi da na tsirrai da na bakteriya, sannan ya bi alamomin ciwo. Ciwon hanta ya isa misalin inda wannan hanya ke kai mutum. Nau'in A da B da C duk hanta suke kamawa, duk suna iya sa ido ya yi rawaya, amma ba su haɗa dangi ba. Ta A 'yar uwar shan inna ce, ta C danginta ɗaya da ta zazzaɓin shawara, ta B kuwa DNA take ɗauke da shi alhali sauran biyun RNA ne.

A 1962, a babban taron Cold Spring Harbor da ke kusa da New York, Lwoff da Robert Horne na Ingila da Paul Tournier na Faransa suka gabatar da tsarin da aka sani da haruffan farko na sunayensu, LHT. Ba su tambayi wa bairas ta kama ba. Sun tambayi wane sinadarin gado take ɗauke da shi, wace siffa kwansonta yake da ita, murɗaɗɗe ne kamar igiya ko mai fuskoki 20 daidai wa daida, tana da mayafi a waje ko tsirara take, sannan tubala nawa aka gina kwanson da su. Horne gwani ne a madubin lantarki, kuma shekara uku kafin nan shi da abokansa sun nuna cewa kwanson adenobairas yana da fuskoki 20 da tubala 252. Ita adenobairas an fara samun ta ne a 1953, a wani nama da ake cirewa daga bayan hancin yara.

Tsarin bai samu karɓuwa salin-alin ba. Masana da dama, musamman masu binciken cututtukan tsirrai a Ingila, sun ga an yi gaggawa. Hujjarsu ita ce kamannin siffa ba ya tabbatar da haɗuwar kaka, kuma ba a san bairas sosai ba har da za a jera su hawa-hawa da sunayen Latin kamar yadda aka yi wa dabbobi. A wannan gaɓa suna da gaskiya, kuma Lwoff, wanda aka sani da kaifin harshe da son tsari, ya wuce inda shaidar lokacin ta tsaya. Kwamitin ƙasa da ƙasa na sanya wa bairas suna, wanda aka kafa a Mosko a 1966 kuma Lwoff yana cikin waɗanda suka share masa fage, bai ɗauki manyan hawan LHT ba. Ya tsaya a kan ƙananan rukunai da dangi na shekaru masu yawa. Amma da rahotonsa na farko ya fito a 1971, ma'aunin da ya yi aiki da su na Lwoff ne, wato sinadarin gado da siffa da mayafi.

Ya koyar a Jami'ar Sorbonne daga 1959 zuwa 1968, sannan ya shugabanci cibiyar binciken sankara ta Villejuif har 1972. Marguerite ta rasu a 1979. Sunanta yana kan takardun bincike masu yawa tare da nasa, amma tarihi bai ba ta rabon da ya kamace ta ba. Shi kuwa a shekarunsa na ƙarshe ya koma ga sana'ar mahaifiyarsa, ya duƙufa kan zane. Ya rasu a Paris ranar 30 ga Satumbar 1994, yana da shekara 92.

Shekara 10 bayan rasuwarsa, ƙadangaru suka ba da shaida a kan ƙa'idarsa. Tun farkon shekarun 1980 likitocin dabbobi suke ganin adenobairas a hantar wani ƙadangare mai gemu ɗan asalin Ostireliya, wanda danginsa ɗaya da jan-gwadan da ke bin katangun gidajenmu, kuma Turawa na kiwonsa a gida don sha'awa. Tana sa 'ya'yansa su rame su mutu, wani lokaci ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, manya kuwa da yawa suna yawo da ita ba alamar ciwo. A madubi ba a iya bambanta ta da sauran adenobairas, duk fuskoki 20 ne da tubala 252. A nan ma'aunin siffa ya ƙare, sai karatun gado.

Shi DNA rubutu ne da haruffa huɗu, A da T da G da C. Masana a birnin Budapest na ƙasar Hungary sun riga sun lura cewa wasu adenobairas na shanu da tumaki, da kuma wadda ta ɓulla a 1976 tana sa kaji su rage ƙwai ko su yi shi da ɓawo mai laushi, ba su yi kama da sauran na dabbobi masu shayarwa ko na tsuntsaye ba, da junansu suka yi kama. Saboda yawan A da T a gadonsu aka ware musu rukuni mai suna Atadenovirus. Abin da ya rage shi ne sanin inda suka samo asali, tunda saniya da kaza ba su da kusanci. A 2004 wata tawaga ta masu bincike ta karanta wani yanki na gadon adenobairas 6 da aka samu a jikin ƙadangaru daban-daban, ciki har da tsaka da hawainiya da kulɓa da shi mai gemun. Dukansu a wannan rukuni suka faɗa, haka ma ta maciji da aka karanta. Sai dai a na ƙadangaru da macizai haruffan huɗu sun fi daidaita, ba su da rinjayen A da T. Fassarar da masanan suka yi ita ce gidan asali na wannan rukuni jikin ƙadangaru da macizai ne, daga can wasu suka tsallaka zuwa tsuntsaye da dabbobi masu tuƙa, kuma bayan tsallakawar ne gadonsu ya karkata.

Ke nan sunan rukunin kansa ya zama bai dace da ainihin masu gidan ba, kuma a 'yan shekarun nan an sauya shi zuwa Barthadenovirus, don tunawa da Adorján Bartha, likitan dabbobi ɗan Hungary da ya yi fice a binciken adenobairas na shanu. Kwamitin da aka kafa a Mosko yanzu yana amincewa da sabuwar bairas bisa karatun gadonta kaɗai, ko da ba wanda ya taɓa ganin ta a madubi. Ya kuma gina manyan hawan da ya ƙi a da, har guda 15, kuma a 2021 ya amince kowane jinsin bairas ya samu suna mai kalma biyu irin na dabbobi da tsirrai, abin da Lwoff da Tournier suka nema tun tsakiyar shekarun 1960.